Daga jinginar da atamfa zuwa fitar da zakka

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Kano, ta wajen Kurna muke zaune, 'ya'yana biyar, sana'ata ɗinkin hijabi. Idan ana lissafin masu kuɗi ba za a sa ni a ciki ba. Amma yau sama da shekara goma ke nan ban miƙa hannu na roƙi kowa kuɗin magani ko na makarantar yaro ba, kuma ina so in faɗi yadda aka yi, har da wuraren da na yi tuntuɓe, saboda 'yan'uwana mata da ke zaune irin zaman da na taɓa yi.

A daminar 2009 maigida ya tafi Legas saro kaya, lokacin yana da shagon kayan roba a kasuwar Sabon Gari. Ya bar mana kuɗin cefanen kwana huɗu, sai motar da ta ɗauko musu kaya ta lalace a hanya, tafiyar ta kai kwana bakwai. A dare na shida ɗana na biyu, yana ɗan shekara uku, ya tashi da zazzaɓi, jiki kamar garwashi, har ido ya fara kafewa. Na goya shi na nufi kemis ɗin bakin titi. Mai kemis ya lissafa allura da magani naira 850. Abin da ke ƙulle a bakin zanina naira 120 ne.

Na buga wa maƙwabciyata ƙofa. Ta fito da fitila a hannu, ta ji bayani, ta yi shiru, sannan ta ce, "Maman Ummi, ki yi haƙuri, ba don ban yarda da ke ba. An sha cinye ni ne. Kawo wani abu ki ajiye." Na koma ɗaki na buɗe akwati, na ɗauko turmin atamfar Holan na lefena wanda ban taɓa yarda a sa masa almakashi ba. Ta ba ni naira 1,000.

Yaro ya warke, Alhamdu lillahi. Maigida ya dawo ya biya ta, atamfa ta koma akwati. Babu wanda ya zalunce ni a cikin wannan labari, matar nan ma taimako ta yi min. Abin da ya tsaya min a rai shi ne tafiyar da na yi a cikin yayyafi, yaro yana nishi a bayana, turmin atamfa a hammata, ina roƙon Allah kada ta ce ba ta da kuɗin. Shekarata 28 a lokacin. A kusurwar ɗakina akwai keken ɗinki Butterfly da aka yi min a kayan ɗaki, an lulluɓe shi da zani, na jera kwanukan samira a kansa don ado. Na iya ɗinki tun ina gidanmu. Shekara bakwai keken nan yana tsaye.

Na roƙi maigida jari, ya ba ni naira 5,000. Na je Kantin Kwari na yanko yadi, na fara ɗinka hijabai ina ba wa yara suna zagawa gida-gida. Ciniki ya yi ta tafiya, kullum da kuɗi a hannuna. Yau in sayi maggi da ya yanke, gobe sabulu, jibi gudummawar suna. Wata uku ba su cika ba na tashi zuwa Kwari, na duba jaka, abin da ke ciki bai kai kuɗin yadi shida ba.

Gwaggon maigida ce ta gano ni. Tana zaune a sashen da ke kallon namu, sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ba ta taɓa shiga ajin boko ba, kuma da kuɗin ƙulin nan ta sauke farali. Ta ji keke ya yi shiru kwana biyu, ta leƙo.

"'Yar nan, ina jarin?"

Na ce, "Gwaggo, sana'ar ce babu riba."

Ta ce, "Riba akwai. Uwar kika cinye. Kin taɓa ganin mai kiwo ya yanka tunkiyar da ke haifa masa don yana marmarin nama?"

Ta koma ɗakinta ta dawo da gwangwanayen madarar gari guda uku. Ta ce na farko na uwar kuɗi ne: duk abin da na kashe a yadi, zare, roba, kuɗin mota zuwa Kwari, har allurar da ta karye, shi zai fara komawa ciki kafin in kira wani abu riba. Abin da ya saura in raba shi biyu. Rabi a gwangwani na biyu, wannan nawa ne, in ci in sha in yi zumunci. Rabi a na uku. Shi na ukun ta huda murfinsa da wuƙa, ta ɗauki taɓarya ta daddanne bakinsa yadda ba zai buɗu ba sai an fasa. Ta ranta min naira 3,000 na cike jari, ta ce wata biyu ta ba ni.

Ranar na fara sanin ribar hijabi ɗaya. Da ina ganin naira 200 nake samu. Da na cire komai da komai sai ga naira 110. Na ɗauki littafin makarantar Ummi mai fallaye arba'in na fara rubutu, har da sunayen masu karɓar kaya bashi, domin a nan ma kuɗi mai yawa yake kwana ban sani ba. Littattafan nan suna nan, yanzu sun kai ashirin da wani abu, a cikin akwatin da atamfar take.

Duk wanda ya ce miki tanadi abu ne mai sauƙi bai zauna cikin dangi ba. Ni cin abinci bai taɓa karya min lissafi ba. Biki ne yake karya shi. Anko, gudummawa, kayan barka, liƙi, kuɗin mota zuwa gari kaza. A wata ɗaya sai a fito da anko uku, kuma in ba ki yi ba an dinga yi da ke ke nan. Na yanke wa kaina hukunci: anko sai na wanda muke ciki ɗaya ko na dangin maigida na kusa, sauran in je da kayan da nake da su, in ba da abin da gwangwani na biyu zai iya. An kira ni marowaciya. Wata ƙawata ta daina gayyata ta. Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba, har kuka na taɓa yi a kan maganar da aka gaya min a gidan wani suna. Amma ban fasa gwangwani na uku ba.

Daga nan na shiga adashi. Mu goma ne, zubin naira 200 kullum, kwasa duk kwana goma, naira 20,000, uwar adashi tana cire zubin rana ɗaya. Abin da na fahimta game da adashi shi ne ba ya ƙara miki ko sisi. Ɗaure miki hannu kawai yake yi, ya tara miki abin da da kin ɓarar da shi ɗari-ɗari. Saboda haka tun kafin kwasa ta zo dole ki san inda za ta, in ba haka ba sati ɗaya ya ishe ta ta watse. Shi ma yana da nasa haɗarin. A 2012 na shiga wani babba cikin matan da ban sani ba, ni ce ta tara a layi, waɗanda suka yi ɗaukar farko uku suka daina zubi, adashi ya rushe da naira 31,000 tawa a ciki. Tun daga nan ba na shiga sai na san gidan kowacce.

Kwasata ta farko, a 2011, ƙanina na ba wa ya je kasuwar Dambatta ranar Lahadi ya sayo min 'yan raguna biyu. Na ɗaure su a bayan ɗaki wata biyar. Ana gobe jajibirin layya aka saye su, bayan na cire kuɗin abinci na ga ribar da ɗinkin wata uku bai ba ni ba. Sai dai kiwo ba a sayen ragon ake cin riba ko a faɗi ba, a abincinsa ne. Wadda ta bari sai rani ya tsaya sannan ta fara sayen harawa ɗauri-ɗauri, ragon ne zai cinye ta. Ni da kaka nake sayen harawa da ƙowar wake lokacin suna araha, a jibge min a saman ɗaki, in tanadi dusa, ga kanwa a ruwan sha, ga tunkuzar Gwaggo a kusa. A 2013 na yi ganganci. Ina da raguna biyar lafiyayyu, na ga wani ɗan Uda mai araha na sa aka kawo, aka haɗa su a ranar. Sati bai cika ba majina da zawo suka kama su, uku suka mutu ina kallo. Likitan dabbobi ya ce cutar da suke kira PPR ce, tana da rigakafi, kuma baƙuwar dabba a ware ta kamar sati biyu kafin ta shiga cikin sauran. Allurar da ba ta kai kuɗin kwanon dusa biyu ba ita na ƙi nema.

A shekarar ne kuma wata Islamiyya a unguwarmu ta nemi wanda zai ɗinka hijaban ɗalibai 150, amma sai an kawo kaya za a biya. Teloli biyu da suka fi ni ƙwarewa suka janye saboda ba su da kuɗin sayen yadin. Ni ina da uwa a gwangwani. Na sayi bandir-bandir a farashin sari, na ƙara keke na biyu, na ɗauki 'yan mata biyu suna taya ni yanka da dajiya. Daga wannan makaranta aka gaya wa wata, wata ta gaya wa wata.

Da kuɗi ya fara taruwa sai Gwaggo ta ce kada in bar shi a takarda, in mai da shi gwal. Ta raka ni da kanta. Ta hana ni ɗaukar wata sarƙa mai duwatsu da ta burge ni, ta ce ranar sayarwa cire duwatsun za su yi su auna abin da ya rage, kuɗin ƙira kuma ya tafi ke nan. Saboda haka na ajiya a sayi marar ado, mai lamba 21, a auna a gabanki, ki riƙe rasiti. Giram yana wajen naira 7,000 a lokacin. Zobe yau, 'yan kunne bayan wata huɗu, awarwaro ɗaya bayan layya. Zuwa farkon 2016 ina da giram 46 a ƙulle cikin tsumma a ƙasan akwati.

A ƙarshen watan Maris na 2016 gobara ta tashi cikin dare a kasuwar Sabon Gari, ta cinye dubban shaguna. Namu yana ciki. Maigida ya fita tun kafin asuba, bai dawo ba sai da hantsi ya dubi ludayi, rigarsa duk baƙin hayaƙi. Ya zauna a tabarmar tsakar gida bai cire takalmi ba. Na kawo ruwa, ya riƙe kofin bai sha ba. Kayan da ya saro satin da ya wuce, rabinsu bashi ne. Cinikin kwana uku yana cikin durowar shago, kamar yadda 'yan kasuwa da yawa suke yi. Mutumin da shekara goma sha huɗu ban taɓa ganin hawayensa ba, ranar na gani.

Bayan kwana biyu na kwance tsumman a gabansa. Bai san na tara haka ba. Na ce, "Baban Ummi, ga giram 40. Ka sayar ka tayar da jari. Amma rance ne, kuma ina so a rubuta."

Ransa ya sosu. Ya ce, "Ni da ke har sai an rubuta?"

Na ce, "Ba ni na ce ba. Ayar da ta fi kowacce tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka."

Limamin unguwarmu ne ya rubuta, yayana da ƙanin maigida suka yi shaida. Liman ya ba da shawarar da har gobe nake yi masa addu'a a kanta: tunda gwal na bayar, gwal za a mayar min, giram 40 a madadin giram 40, babu ƙari babu ragi, kome farashi ya zama. A lokacin dala ta fara tashi a kasuwar bayan fage, gwal ya bi ta, abin da na saya 7,000 aka saye shi sama da 10,000. Maigida ya kama ɗan wuri ya fara daga ƙasa. Shekara uku ya yi yana biya, wani lokaci giram biyu, wani lokaci biyar, kowanne ya kawo sai mu ɗauko takardar mu rage. Wasu mata sun ce na yi rashin kunya da na rubuta wa mijina bashi. Ni abin da na gani, takardar nan ta hana zargi shiga tsakaninmu, kuma tun daga lokacin ba ya yanke shawarar kasuwa bai zauna da ni ba. Dukiyar mace tata ce a Musulunci, kuma da ban riƙe tawa da kyau ba da babu abin da zan tallafe shi da shi.

Yanzu ga inda na fi jin nauyin faɗa. A ƙarshen 2016 ɗin nan, rayuwa ta yi tsada, gida yana kaina kusan gaba ɗaya, sai ɗan wata 'yar'uwata ya zo da maganar wani tsari na intanet: ka zuba kuɗi, bayan wata ɗaya a mayar maka da ƙarin kashi 30 cikin 100. Ya nuna min saƙonnin banki a wayarsa. Na gwada da naira 40,000, wata ya zagayo aka turo 52,000. Daga nan hankalina ya gushe. Na haɗa kuɗin raguna, na haɗa da na gwangwani na uku, na kuma taɓa abin da Gwaggo ta hana ni taɓawa, uwar kuɗin ɗinki. Naira 180,000. A watan Disamba aka ce an dakatar da biya na ɗan lokaci. Har yau ban ga ko kwabo ba.

Hasarar ta yi min zafi, amma abin da ya fi hana ni barci shi ne da na gane daga ina 12,000 ɗin farko ta fito. Babu abin da ake saya, babu abin da ake sayarwa. Kuɗin wata baiwar Allah ce da ta zuba bayana aka ɗebo aka ba ni. Na yi istigfari, na fitar da adadin na bayar, na je na faɗa wa Gwaggo da bakina. Ba ta yi min faɗa ba. Cewa ta yi, "Da kika ba da kuɗin, kin tambaye su me suke nomawa?" Wannan tambayar nake yi wa duk wanda ya zo min da hanyar samu har yau, kuma suna zuwa, kowace shekara da sabon suna. Gwaggo ta rasu a azumin shekarar da ta biyo baya. Allah Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna ce makomarta.

Na sake tashi da ɗinkin makarantu biyu da suka yarda suka ba ni rabin kuɗi kafin aiki. Na buɗe asusu a Jaiz, bankin da ya fara aiki a 2012 ba tare da kuɗin ruwa ba, domin gobarar Sabon Gari ta nuna min abin da wuta ke yi wa kuɗin da ke kwana a durowa. A watan Satumba na 2017, ban daɗe da sayar da ragunan layya ba, aka yi ta sanarwa a rediyo cewa gwamnatin tarayya ta fito da sukuk na naira biliyan 100 don gina hanyoyi 25 a faɗin ƙasa. Ƙanina malamin makaranta ya zaunar da ni ya yi min bayani: masu zuba kuɗi su ne suka mallaki aikin hanyar, gwamnati tana biyan su haya, kashi 16.47 cikin 100 a shekara, ana biya sau biyu, bayan shekara bakwai a mayar da uwar kuɗi. Mafi ƙarancin shiga naira 10,000 ne, kuma majalisar malaman da ke ba Babban Banki shawara ta amince da shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, don haka sai da na tambayi malamai biyu kafin na sa naira 100,000.

Ba a taɓa saɓa min ba. Duk wata shida naira 8,235 tana shigowa, a Satumbar 2024 aka mayar min da 100,000 ɗina cif. In an haɗa duka, 215,290. A takarda kuɗina ya ninka har da ɗoriya. Amma ranar da na zuba su, 100,000 tana sayen buhun shinkafa wajen shida. Ranar da suka dawo, duka 215,000 ɗin ba za su sayi buhu uku ba. A tsakani an cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, an saki naira ta nemi farashinta, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. Abin da ya rage min zafi shi ne ban taɓa barin hayar ta kwanta ba, tana shigowa nake mai da ita harawa ko yadi. A waɗannan shekarun kuma gwal ɗin da maigida ya mayar min, wanda babu abin da ya haifa, yana kwance cikin tsumma, giram ɗinsa ya wuce naira 100,000. Ban ce sukuk ba shi da kyau ba, akwai kwanciyar hankali a cikinsa, kuma na sake shiga da kaɗan. Sai dai na daina auna dukiyata da naira. Da buhu nake auna ta, da giram, da rago.

A 2019 na sayi fili, ƙafa 50 da 50, awon igiya, can bayan Dawanau. Ban ba da ko sisi ba sai da yayana ya je wajen mai unguwa da dagaci, ya tambayi masu gonakin da ke maƙwabtaka da wurin waye asalin mai shi, kuma ko gado ne da ba a raba ba, saboda a nan yawancin rigimar fili take fitowa. Aka rubuta takardar ciniki da shaidu, aka biya dillali la'adarsa, washegari na sa aka kafa harsashi a kusurwa huɗu, don filin da aka bari fayau sau biyu ake sayar da shi. Ginin kuwa ba rana ɗaya aka yi ba. In na kwashi adashi a buga bulo 200. In na sayar da rago a sayi rodi. Na fara sayen siminti buhu yana wajen naira 2,600, na gama shago na biyu a 2024 yana sama da 10,000. Yanzu shaguna biyu suna hannun 'yan haya, mai kayan masarufi da mai cajin waya, kuma hayarsu ta shekara ita ke biyan makarantar yara uku.

Lokacin korona a 2020, da aka rufe gari aka rufe makarantu wata da watanni, babu mai neman hijabin ɗalibai, kasuwar maigida ma a kulle. Gwangwani na uku ne ya ciyar da mu, wanda yanzu asusu ne daban a banki da ban karɓi katinsa ba da gangan. Na koma ɗinka takunkumi da ƙyallayen da suka rage.

A azumin 2021 na ɗauko littattafaina na je wajen liman. Muka lissafa kuɗin da ke banki, da yadin da ke ajiye, da ragunan da na saya don sayarwa, da sukuk, da gwal. Na ce masa na ji an ce gwal ɗin mace babu zakka a kansa. Ya ce wanda take sawa don ado ne, amma wanda ta ajiye a matsayin dukiya yana ciki. Ya ce nisabi dinari 20 ne, kimanin giram 85 na gwal ko ƙimarsa, kuma na wuce shi, shekara ta zagayo. Ɗaya bisa arba'in zan fitar. Da na dawo gida na zauna a bakin gado da kuɗin a hannu, na kasa tashi. Na tuna yayyafin nan da turmin atamfa. Na yi sujada, na yi kuka mai yawa. Ban raba ta ɗari biyar-biyar ba. Mata biyu na zaɓa, zawarawa masu marayu, na ba kowacce abin da zai yi mata jari, na haɗa musu da gwangwanaye uku-uku. Ɗaya ta cinye nata. Ɗaya tana sayar da awara har yanzu, bara ta ɗaure tunkiya.

Tuntuɓe bai ƙare ba. A kakar 2024 na ga yadda masu ajiyar hatsi suka samu a shekarar da ta gabata, na sayi masara buhu 20 da tsada na ajiye. Tun farko zuciyata ba ta kwanta ba, saboda ina ganin yadda maƙwabta ke fama da kwanon awo, ko da yake malam ya ce saye lokacin yalwa daban yake da ɓoye abinci lokacin da mutane ke nemansa. Gwamnati ta riga ta buɗe ƙofar shigo da hatsi ba haraji tun watan Yuli, damina kuma ta yi kyau, farashi ya yi ta sauka a 2025. Na sayar da hasarar kusan kashi ɗaya cikin uku. Harkar da ban sani ba ce na shiga don na ga wasu sun samu. Bambancinta da ta 2016 shi ne wannan karon ribar raguna ce ta tafi, ban taɓa uwa ba, keke bai tsaya ko rana ɗaya ba.

Yau kekuna shida ne a shagon da na fitar a zauren gidanmu, 'yan mata takwas suna aiki, huɗu a cikinsu na riga na yaye su sun dawo ina biyan su. Ummi ce ke riƙe littafi, ta mai da shi cikin waya, amma ni sai na ga tawada a takarda hankalina yake kwanciya.

Abin da ya rage min shi ne Makka. A 2023 kujera ba ta cika naira miliyan 3 ba, na ce bari in gama shago tukuna. A 2025 ta haura miliyan 8. Don haka kuɗin Hajjina ba a naira nake tara shi ba, duk abin da na ware masa zobe nake mai da shi, yana cikin tsumma daban da na rubuta wa suna. Raguna bakwai ne a bayan ɗaki bana, an yi musu allura tun ranar da suka zo, harawa tana saman ɗaki. Biyu a cikinsu, wani Balami da wani Uda mai baƙin kai, na Makka ne. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa ni a addu'a, Allah Ya kira ni ni da Baban Ummi tare.